Butar Kofi a Jikin Tarago

Shekara talatin da ɗaya mahaifina, Orval Prochaska, ya yi yana haɗa taragu da duba birki a layin dogon da ya ratsa garinmu a Nebraska, kuma ko sau ɗaya bai fita aiki ba sai da guntun alli mai maiƙo a aljihun rigarsa. Da shi yake zana alamarsa a jikin taragun kaya: butar kofi tana tururi, a ƙarƙashinta wata da shekara. Babu suna, babu wata kalma. Zanen bai wuce faɗin tafin hannu biyu ba, numfashi uku ya ishe shi ya gama.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, hannunsa na dama ya daina aiki, maganarsa ta ragu. Abin da ya rage masa shi ne Lahadi. Nakan tura shi a keken guragu zuwa mahaɗar hanya da layin dogo da ke bayan rumbun masara, mu zauna da fulas ɗin kofi muna kallon jiragen kaya. Zaman benci masu wannan sha'awa suke kiransa, ko da babu benci. Ni manyan haruffan fentin feshi nake kallo, masu launin ja da shuɗi da ke cika tarago daga kai zuwa ƙafa. Shi kuwa idonsa yana ƙasa, kusa da tsani, inda ƙananan alamun alli suke. Shekara biyu muka yi a haka, buta ba ta wuce ba. Tsofaffin taragun an narkar da mafi yawansu.

A watan Agusta yayata Darlene ta yanke shawara cewa zai koma wurinta a farkon Oktoba, kuma gaskiya ta fi ni iya jinya. Amma garinsu yana cikin duwatsu, mil sittin tsakaninsa da layin dogo mafi kusa. Da aka gaya wa Baba bai musa ba. Sai a hanyarmu ta komawa gida ranar Lahadi ya ce, “Guda ɗaya kawai nake son in gani, in san tana nan tana yawo.”

Ya kamata in bayyana cewa ni ba mai rubutu a jikin kayan mutane ba ne. Difloma ta zanen taswira nake da ita, ina aiki a ofishin awon filaye na gundumarmu, kuma nakan koma in duba ƙofar gida sau biyu bayan na kulle ta. Duk da haka, a makon nan na ɗauko kwalin takalmin da Baba yake ajiye hotunan butocinsa, na kwaikwayi zanen a takarda har sai da hannuna ya haddace shi.

Daga nan na je wurin Maribel Quiroz, wadda muka yi makaranta tare. Faci take yi a shagon taya, ranar hutu kuma ita ce ke fesa wasu daga cikin manyan haruffan nan. Da ta ji ina son in zana butar Baba a jikin tarago ta yi dariya har ta ajiye sufana, ta tambaye ni ko Malam Awo zai zo da ma'auninsa ne. Sannan ta jera mini ƙa'idoji: kada in shiga tsakanin taragu biyu, kada in hau kan alamar wani, kada in taɓa lambobin tarago, domin idan aka rufe su kamfani zai shafe komai ya sake bugawa. Ta ce sau biyu ta taɓa cin karo da butar Baba, duka biyun ta bar mata taga a tsakiyar fentinta.

Abin da ba ta so ba shi ne tsohuwar shekarar da na yi niyyar rubutawa don Baba ya ɗauka zanensa ne na da. Ta ce a wannan harka mutum yana ɓoye sunansa da fuskarsa da garinsu, amma kwanan wata ba a yi masa ƙarya. Na ce Baba tsoho ne, kuma Lahadi uku suka rage. Sai ta kwatanta mini wani reshen layi a cikin gonaki, inda ake jibge taragun hatsi kafin girbi. Ta ce rabinsu za a ja ranar Lahadi da la'asar, kuma ta mahaɗarmu za su bi.

Na je ranar Asabar da tsakar rana. Na zaɓi taragon da ya fi kowanne tsatsa, na tsaya nesa da lambobinsa kamar yadda aka ce mini, har ban yarda in dube su ba. Minti arba'in na yi ina zanen da Baba yake gamawa a numfashi uku. Na rubuta 9/94 a ƙasa, na goga masa ƙasa da tukar kofi don ya yi kama da tsoho.

Washegari jirgin ya zo a hankali, ya tsaya kamar kullum don a juya masa layi. Taragona ya tsaya kusan daidai gabanmu. Baba ya sunkuyo a kekensa, ya daɗe yana kallo. Da na ga kafaɗunsa suna rawa na zaci kuka yake yi, na durƙusa a gefensa, sai na ga dariya ce.

Ya ɗaga hannun hagu ya nuna, ba butar ba, wasu ƙananan haruffa a ƙasan kusurwa.

“Karanta mini wancan, injiniya.”

“An ƙera a watan uku, shekarar 2006,” na ce.

“To ni aljani ne? Na zana buta shekara goma sha biyu kafin a narka ƙarfen?”

Rabon da ya haɗa magana mai tsawo haka tun kafin ciwon. Na fara ba shi haƙuri, ya katse ni. Ya ce ma'aikacin dogo lamba yake fara karantawa kafin ya ga hoto, kuma ko da ban yi wannan kuskure ba zai gane, domin layin zanena yana tafiya yana tsayawa yana tunani. Sai dai ya yarda cewa mariƙin butata ya fi nasa kyau.

Jirgin ya ja, butar ta wuce da shekararta ta ƙarya. Ya bi ta da ido har ta shige bayan rumbu, sannan ya tambaye ni ko allin yana nan. Na ce yana cikin mota. Ya ce in kai shi inda sauran taragun suke.

Tura keke a kan tsakuwar gefen layi aiki ne, sau biyu na tsaya na ce mu koma. Bai amsa ba. Da muka isa ya sa na karanta masa lambobin tarago uku kafin ya zaɓi ɗaya. Na durƙusa daidai tsayinsa, na riƙe allin, shi kuma ya kama wuyan hannuna da hannunsa na hagu. Yatsunsa sun yi sanyi, amma riƙon yana da ƙarfi.

“Kada ka ɗaga. In ta karkace, ta karkace.”

Ta karkace kuwa. Bakin butar ya yi tsawo, tururin ya haura sama fiye da kima. Ya saki hannuna ya ce in sa kwanan gaskiya, na rubuta 9/19.

Ya jingina da keken yana numfashi sama-sama, yana kallonta. Ya ce yanzu guda biyu ke nan ya tabbata suna yawo, ɗaya maƙaryaciya, ɗaya mai gaskiya, kuma zai so in riƙa kiransa a gidan Darlene ina gaya masa nawa suka zama. Na miƙa masa allin, ya ture hannuna zuwa aljihun rigata. Sannan ya tambaya ko akwai sauran kofi a fulas, ko duk na ƙarar da shi a jikin taragon mutane.