Titin da Ya Raba Gida da Kabari

Kafin a gyara titin, kabarin Sinalei a ƙofar gida yake, kamar na kowa a wannan ƙauye na tsibirin Upolu, har jikoki kan zauna a kansa su ɓare ayaba. Sai ma'aikata suka zo da igiyar awo, suka ce kwanar nan ta yi yawa, suka miƙe titin ɗoɗar ta tsakiyar filin gidan. Gida ya koma wannan hannu, kabari wancan, can bakin teku. Ba tudun rage gudu, ba zanen tsallakawa, ga shingen furanni ya tare wa direba gani.

Shi kuwa tsoho Pelenato, mijin marigayiyar, kullum safiya sai ya je ya share mata. Nan 'yarsa Leitu take ganin ta kanta. Kun dai san ba a miƙewa ƙiƙam a ratsa gaban mutanen da ke zaune. Sai ka rusuna, ka ce tulou, wato a gafarce ni. To, a wurin tsohon nan, na cikin mota ma ai a zaune suke. Haka zai shiga titi a duƙe, ido a ƙasa, yana ba bas haƙuri.

Ta yi magana har bakinta ya gaji. Ta ce direba ba ya hango wanda bai kai tsayin shinge ba, ya ce shi ba tarbiyyar akuya aka yi masa ba. Sau uku tana zuwa Apia, babban birni, roƙon a sa tudu. Aka ce ta cike takarda, ta cike, aka ce sai baɗi.

Ran wata Talata motar kifi ta ci birki, madubinta ya fizge tsintsiyar daga hannunsa. Ko ƙwarzane bai yi ba. Leitu ta riƙo shi gida, ta zuba masa koko, ta zauna a ƙasa gabansa.

"Baba, ni kam na gaji. Ko dai mu tono Inna mu dawo da ita nan, ko wata rana in kwashe ka a kwalta."

Ya daɗe yana kallon ƙetare, motoci suna yanke masa gani.

"Ita da ko carar zakara ba ta so, balle ƙarar mota," in ji shi. "Kira 'yan'uwanki. A nemo tabarma mai kyau da man kwakwa, a shafe ƙasusuwanta a naɗe. Kada a ɗauko mini ita kamar buhu."