Lamba Tamanin da Uku

Darakta ya ce yana son fim ɗinsa na baƙin haure ya zama kamar gaske, ni kuma da shegen bakina na ce mahaifiyata ta shekara tara tana sintiri a ofishin shige da fice. Washegari sai ga Inna ta biyo ni wajen ɗaukar fim da tsohuwar jakarta, wai ta zo duba aiki.

Ni ce mai kula da kayan wasa. Kwana shida na yi ina mayar da wani sito ɗakin jira, Inna ta leƙa sau ɗaya ta taɓe baki. Agogon ya cika lafiya, in ji ta, nasu a tsaye yake. Kuma ba a riƙe takardu da hannu ɗaya, a ƙirji ake rungume su. Ta sa aka nemo dutsen guga, ta shimfiɗa ƙyalle a kan takardun bogin da na haɗa, ta goge su ɗaya bayan ɗaya yadda take goge na Baba duk ranar da zai je ganawa. Kunya ta kama ni, haushi ya biyo baya. Sai ƙamshin takarda mai ɗumi ya buge ni, na ganni 'yar shekara bakwai, ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa, Baba na gefena yana murza 'yar takardar lambarsa.

Tamanin da uku ce a hannunsa ranar da izinin zamansa ya ƙare. A kan tamanin da biyu aka rufe taga. Bayan mako uku aka mayar da shi ƙasarmu, can kuma ya rasu.

Inna ta zauna cikin 'yan cika wuri, ta ɗora jakarta a kujerar kusa da ita. Mai kyamara ya roƙe ta ta ɗauke.

"Da mutum," ta ce.

Ta yafito ni, ta danƙa mini 'yar takardar nan, ta yi laushi kamar tsumma. Ashe duk shekarun nan tana cikin jakar.

"Ki sa su kira wannan."

A rubuce, arba'in da ɗaya za a kira, jarumar fim ta miƙe. Darakta kuwa mutum ne da ke korar ma'aikaci a kan cokali. Amma allon lambobi a hannuna yake. Aka kunna fitilu, siton ya yi haske irin na hantsi, fanka na juyawa a hankali, fuskoki duk suka koma kamar na mutanen da na taɓa sani. Sai na danna.

Wanda ke wasan jami'i ya ɗaga kai, ya karanta abin da ya gani. Tamanin da uku.

Ba wanda ya motsa. Inna ta janye jakarta ta ɗora a cinya, ta karkatar da gwiwoyinta kamar mai ba da hanya, ta dubi kujerar da ba kowa a kanta.

"Malam, kai ake kira. Tashi."

Ta bi shi da ido har bakin taga. Jami'in ya rasa yadda zai yi da hatimin da ke hannunsa, sai ya buga shi a kan takardar da ke gabansa. Darakta bai ce a tsaya ba. Ni dai kuka nake yi a bayan allo.

Inna ta gyara mayafinta, ta ce in samo mata ruwa ta sha, yau kam an sallame su da wuri.