Bugu na Arba'in

Goshinta ne ya riga sandar isa bango.

Tarwaɗa ta ji ƙarar har cikin haƙoranta. Ta juya a gigice, ta ƙarasa mita hamsin ɗin da suka rage jini na bin gefen tabarau. Ta bakwai ta zo, da kyar ta samu shiga zagayen ƙarshe na yamma.

Makauniya ce tun tana shekara shida. A gasar makafi akan tsayar da mutum a ƙarshen ruwa da doguwar sanda mai soso a baki, idan bango ya matso ya taɓa kan mai ninkaya don ta san lokacin juyawa. Shekara goma sha ɗaya mahaifinta ke riƙe mata sandar nan, wadda ya haɗa da hannunsa daga tsohuwar sandar kamun kifi. Bai taɓa makara ba sai yau.

A ɗakin magani nas na manna mata filasta, koci ya shigo yana huci.

"Ban da mahaifinki a yamma," ya ce. "Biyun farko kaɗai za su tafi gasar duniya. Shekararki talatin, Tarwaɗa. In wannan ta wuce ki, babu wata."

"Koci, kuskure ne."

"Kuskure? Ina kallonsa daga ɗaya gefen. Kin zo gabansa, yana nan tsaye kamar mai jiran mota, bakinsa na motsi. Zan sa mataimakiyata ta karɓi sandar."

Bakinsa na motsi. Maganar ta tsaya mata a rai.

Ta sami mahaifinta a kan bencin bayan ɗakin canza kaya. Ƙamshin sabulunsa ne ya nuna mata inda yake. Ta zauna, ta lalubo hannunsa.

"Uwata, ya goshin?"

"Ai ka san kaina, Baba. Bangon za ka tambaya."

Bai yi dariya ba. Ta tuna abubuwan da ta daɗe tana ji ba ta haɗa su ba: shayin da yake zubawa ya kauce wa kofi, mabuɗin da yake daɗewa yana nema wa rami, jaridar da ya daina karanta mata.

"Tun yaushe ka daina ganina a ruwa?"

"Shekara guda kenan. Yanar ido ce. Ina ganin farin kumfa duk lokacin da hannunki ya bugi ruwa, amma nisanki da bango ba na iya aunawa. Sai na koma ƙirga. Bugu arba'in da uku, in sauke sanda."

Nan ta gane. Mako biyun da suka yi a sansanin horo, inda ba a tafi da iyaye, koci ya gyara mata miƙa hannu. Yanzu da bugu kaɗan take cinye ruwan. Ba wanda ya gaya wa Baba, don ba wanda ya san ƙirga yake yi.

"Me ya hana ka faɗa?"

"In faɗa a karɓe? Tun rasuwar mahaifiyarki, wannan sandar ce kawai aikin da ya rage mini." Ya tura mata sandar a cinya. "Kai wa kocinki. Na fasa miki kai sau ɗaya, ya isa."

Ta shafa soson. Ta san nauyin saukarsa a kanta kamar yadda ta san muryarsa. Baƙon hannu zai iya taɓa ta da wuri don tsoro, ta juya a iska, ƙafarta ta rasa bango. Ta mayar masa.

"Arba'in ne yanzu, Baba. A na arba'in ka sauke."

"In na sake kuskurewa fa?"

"Makaho bai san ana ganinsa ba sai ya sha sanda. Ni na sha bango, na kuma gan ka. Tashi mu je."

Koci ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Ta bar shi ya gama, ta gaya masa gaskiya duka, ta ce kanta ne, ita ke da zaɓi. Ya yi tsaki, ya ɗauki tasa sandar ya tafi gefen da ake ƙarewa.

Da yamma aka busa, ta faɗa ruwa.

Goma. Ashirin. Igiyar layi na gogar kafaɗarta, tana jin ruwan mai ninkayar da ke kusa da ita na dukan haƙarƙarinta. Talatin da biyar. Goshinta ya fara zugi, jikinta na cewa ta rage gudu, bango na nan tafe. Ba ta rage ba. Talatin da takwas. Talatin da tara.

Soso ya sauka a tsakiyar kanta.

Ta dunƙule, ta juya, tafin ƙafafunta biyu suka sami bango daram. Abin da ya biyo baya ba ta iya tuna shi, sai wutar da ke ƙirjinta da sandar koci a ƙarshe.

Ta riƙe bakin ruwan tana haki. Ba ta ganin allo, dole ta jira a faɗa mata.

"Ta biyu," koci ya ce. "Da ƙiris, ja'ira. Ta biyu."

Baba bai zo ba. Bayan ta sa kaya ta same shi inda ta bar shi, a ƙarshen ruwa, mutane sun watse, an rage fitilu, ya kasa gano hanyar fita. Koci ya biyo ta, Baba ya miƙa masa sandar.

"Ga ta. A tsakiyar kai take so, kada ka ji tausayinta."

"Aro ne," in ji Tarwaɗa. "Gobe asibitin ido za mu."

Ta buɗe farar sandarta ta tafiya, ta ɗora hannunsa a kafaɗarta.

"Riƙe ni nan, Baba. Matakala tara ce, ta huɗun ta ɗan karye."