Ja da Kore a Ƙashin Yaya

Ku yi haƙuri da ni, ban taɓa rubuta labari ba. Karatu kawai na iya, shi ma a lungu. In na yi tuntuɓe, ku ɗauke kai.

Yayana ne ƙari ya fito wa a ƙashin gwiwa. Likita ya ɗebi kaɗan daga ciki ya aika ɗakin gwaji, ya ce sakamakon ne zai nuna ko kankare wurin za a yi, ko kuwa ƙafar ce za ta tafi. Gwaggonmu a ɗakin take aiki, don haka ranar dubawa Umma ta tura ni wajenta, wai ni ce mai cin littafi, zan fahimta. Yaya yana kan keken marasa lafiya ya ce, "Je ki, Farfesa, ki gaishe min da ƙashina."

Ɗakin duhu ne, har taga an liƙe da baƙin kwali. Gwaggo ta hana ni kunna waya, ta ce haske yana kashe rinin da suke gwajin da shi. Ta yi min bayani a gurguje. Wai akwai wata ƙwayar gado mai haɗa sinadarin da ke farfasa furotin a jiki, sun shafa mata rini mai ƙyalli, ja a gefe ɗaya, kore a ɗayan. In tana lafiya launukan suna manne da juna, in ta tsage sai su rabu. Na gyaɗa kai, alhali tun daga furotin na ɓace.

Ta bar ni na leƙa madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa. Na ga ɗigon ja a nan, kore can nesa, kamar sun yi faɗa. Ko'ina haka. Na buɗe baki, ta ce ƙirga take, kuma faɗin sakamako aikin likita ne.

Ina fitowa Umma ta riƙe hannuna tana tambaya. Ban iya ƙarya ba. Na ce, "Ta tsage, Umma."

Umma ta sulale ƙasa tana kuka tana salati. Abba ya cire hula ya rasa inda zai ajiye ta. Yaya ya daina zolaya, yana ta shafa gwiwarsa.

A haka likita ya same mu, fuskarsa a sake. Ya ce an gode Allah, ta tsage, irin wannan tsagewar a ƙarin da ba ya yaɗuwa ake ganinta, kankarewa za a yi.

Abba ya ce, "Likita, wato lalacewar ce lafiyar?"

Likita ya ce ba lafiya ba ce, amma ita yake fatan gani. Abba ya sake tambaya, ya sake amsawa, ni dai har yau ban gama ganewa ba. Umma ta rasa ko ta ci gaba da kukan ko ta bari, sai ta haɗa shi da dariya. Yaya ya ɗaga ƙafar yana yi mata sannu da dawowa.

Da na ji likita yana tambayar wa ya tsorata su haka, na lallaɓa ta bayan keken na bi matakala.