Tiraka a Cikin Fitilar Babur

Kabiru mai shagon wayoyi ya ajiye na'urori biyu a kan kanta, ya waiwayi ƙofa kafin ya fara bayani. Tiraka ce, irin wadda ake ɓoyewa a jikin abin hawa, tauraron ɗan adam ya riƙa nuna inda yake a taswirar wayar hannu. Ɗaya tana da batirinta, mannawa kawai za a yi, amma ƙatuwa ce kamar sabulun wanki. Ɗayar ba ta fi akwatin ashana ba, sai dai dole a yanke wayar wutar babur a jona ta.

Tajuddeen ya yi ta jujjuya su a hannu. Malamin firamare ne a Gusau, bai taɓa hawa sabon babur ba sai yau, ga shi can a ƙofar shago ko ledar sit ba a cire ba, kuma ba nasa ba ne. 'Yan bindiga sun ɗauke yayansa Labbo a gonarsa ta Kucheri tun gero bai nuna ba. An sayar da abin sayarwa an kai musu, suka lamushe, suka ce saura babur. Yau da la'asar za a kai, a karɓo Labbo.

Abin da ke cin Tajuddeen a rai shi ne na maƙwabtansu. Su ma sun kai babur, aka karɓa, mutum bai dawo ba, har yau ba su san ko zaman makoki za su yi ko jira ba. Shi ya rantse ba za a yi masa haka ba. In an yaudare shi, aƙalla ya san wurin da zai nuna wa hukuma da yatsa.

Kabiru ya tambaye shi babur ɗin na haya ne ko na zuwa aiki. Ya ce na aiki. Kabiru ya leƙa ledar sit, bai ƙara tambaya ba, ya tura masa ƙaramar kawai.

Tajuddeen bai yarda a ɗaura ta a Gusau ba, don masu kai wa mutanen daji rahoto sun yi yawa, ba ka sanin wa ke zaune kusa da kai a bencin bakanike. Ya nufi Bungudu wurin Munzali, abokin karatunsa. Munzali ya shigar da babur cikin zauren gidansa ya sakaya ƙofa. Ƙarƙashin sit, ya ce, nan ne farkon inda ake dubawa. Gefen tanki kuma zafi zai kashe ta. Daga ƙarshe ya kwance kan fitila, ya zaƙulo jar waya ya yanke, ya jona tirakar, ya naɗe da baƙin salatif, ya cusa ta can ƙurya ya mayar da kusoshi.

Ɗigo shuɗi ya bayyana a wayar Tajuddeen, daidai kan Bungudu. Tun da aka ɗauke Labbo bai ji daɗi irin na wannan lokacin ba, har sai da ya yi dariya.

Munzali bai taya shi ba. Yana goge hannu ya ce, "Taju, ka san hwa suna da bakanikensu can ciki. Ba su amsar mashin sai sun duba shi."

Tajuddeen ya ce ai ba za su kai ga fitila ba. Munzali ya ce Allah ya sa, irin faɗar da ake yi wa marar lafiyar da likita ya sallama.

A hanya ya tsaya gindin wata bishiya ya kira wani abokinsa mai kaki, ya zayyana masa dabarar cike da alfahari. Abokin ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce masa sanin wurin bai taɓa zama matsala ba. Mai kai musu burodi ya sani, mai kai musu fetur ya sani, su ma sun sani. Ya ba shi haƙuri ya kashe waya. Tajuddeen ya ji haushi ƙwarai, amma ya ci gaba da tafiya, don mutum in ya riga ya ƙulla abu da wuya ya yarda shirme ya ƙulla.

Ya ratsa Gusau, ya wuce Tsafe, ya isa Kucheri bayan azahar. Mansura matar Labbo tana tsakar gida. Da can ba sa haɗuwa sai ta tsokane shi da gwauranci, shi kuma ya kushe miyarta. Yanzu gaisuwa kawai ta rage musu. Ta ga yana yawan duba waya, ta tambaye shi ko mutanen dajin sun sauya magana ne. Ya nuna mata ɗigon, ya yi mata bayani.

Ta daɗe tana kallon wayar. "To in mun san inda yake, wa za ya tahi ya ɗauko shi? Kai?"

Ya mayar da wayar aljihu, ita kuma ta ci gaba.

"In suka gane wanga abu, Labbo za su kashe, ba kai ba. Malam Taju, don Allah ka cire shi. Ni mijina nike so, ba sanin wuri ba."

Kunya ta kama shi, domin a duk lissafinsa bai taɓa tunanin ya shawarce ta ba. Ya ari sukundireba a maƙwabta, ya kwance fitilar, ya zare tirakar, ya murɗe jar wayar ya haɗa, ya mayar da salatif ɗin yadda yake. Ya tayar da babur, fitila ta kama. Mansura ta karɓi tirakar ta jefa a masai.

Inda aka ce ya kai babur wani busasshen rafi ne a bayan gonaki. Ya tarar da mutum huɗu da bindigogi, ga Labbo zaune a kan yashi, hannuwa a ɗaure. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo, amma shi ne, da ransa, yana ma ƙoƙarin yin murmushi. Tajuddeen ya kafe babur a gabansu cike da murna.

Ɗaya daga cikinsu ya rataye bindiga ya durƙusa gaban babur. Ya ɗaga sit, ya leƙa tanki, ya shafa ƙarƙashin inji. Har ya miƙe, sai idonsa ya tsaya kan kusoshin fitila, inda sukundireban aro ya ɗan kankare fenti. Ya kwance fitilar, ya jawo jar wayar waje, ya nuna wa babbansu.

"Sabon mashin ba ya zuwa da salatif," in ji shi. "Mi aka sa nan?"

Tajuddeen ya rantse da Allah babu komai a ciki, kuma gaskiya ya faɗa. Suka zazzage fitilar, suka caje aljihunsa, suka duba wayarsa, ba su sami abin da za su riƙe ba, don ya goge manhajar tirakar tun a gida. Wannan bai kwantar musu da hankali ba, sai ma ƙara musu zargi da ya yi. Babban ya ce tunda an yi niyyar yi musu wayo, to maganar farko ta tashi, Tajuddeen ya koma gida, za su neme shi.

Suka ɗora Labbo a kan sabon babur, tsakanin mutum biyu. Da za su tashi ya juyo ya dubi ƙaninsa, ba da fushi ba, kallon wanda bai fahimci abin da ya faru ba.

Tajuddeen ya dawo a ƙasa ta cikin gonaki. Mansura na tsaye a bakin zaure. Ta duba bayansa, ta sake dubawa, sannan ta koma ciki ta sauke ruwan wankan da ta ɗora wa Labbo.