Barkonon Evaristo da Ruwan Gishiri

Evaristo Galindo ya ɗaga gindin barkonon sama da shingen katako, saiwarsa na zubar da ƙasa, ya kaɗa shi a gaban maƙwabcinsa.

"Duba aikinka, Delbert. Duba da kyau."

Delbert Hruska ya kashe injin yankan ciyawa, ya share wuya da hularsa. Sun tsufa tare a wannan layi na San Antonio, tun Evaristo yana tuƙa bas ɗin gari, amma wata guda ke nan ko gaisuwa babu. Evaristo ya rantse maganin kashe ciyawa da Delbert ke fesawa ne iska ke ketarowa da shi.

"Direba, na gaya maka rabona da feshi tun bara."

"To aljanu ne suka ƙona mini shuka?"

Ba barkonon kasuwa ba ne. Irin mahaifiyarsa ne, ƙanana masu zafin tsiya, da ta ƙullo a bakin mayafinta daga yankinsu na Coahuila. Duk shekara yakan shanya mafi kyawu ya adana iri a kwalba. Bana shukar farko ta ƙone daga bakin ganye, ta biyu ma haka. A ta uku ya juye kwalbar kaf. Yanzu gindi ɗaya ya rage da rai a bayan gida, shi ma ganyensa ya fara naɗewa.

Delbert ya ce, "Na gaji da shan zagi a kan laifin da ba nawa ba. Shiga garejinka, ka duba bayan kwalayen kayan Kirsimeti. Buhunan gishirin nan ni nake taya matarka Ofelia sauke su daga mota, bayana shaida ne."

"Wane gishiri?"

Delbert ya ja igiyar injinsa, ƙara ta rufe maganar.

Tun da aka yi masa aikin gwiwa Evaristo bai taka matakalar gareji ba. Yau ya sauka da sanda, yana cije leɓe. Ya ture kwalayen. Ga shi nan tsaye a jikin bango, injin nan mai cin gishiri da ke cire allin ruwan famfo, da tankinsa, da buhuna jingine. Injin da ya ce ba zai shigo gidansa ba muddin yana numfashi.

Ruwan garin mai alli ne, kowa ya sani. Yana barin farin ɓawo a buta, ya toshe kan shawa, ya hana sabulu kumfa. Ofelia ta yi shekaru tana roƙo, shi kuwa amsarsa ɗaya ce: ruwan da ubansa ya sha ya kai casa'in ba zai zama abin gyara a hannunsa ba.

Ya bi bututun da ido. Ya san aikin hannun ɗansa Rubén, mai gyaran famfo, mai gaggawa tun yana yaro. Ko almajirin mai famfo ya san ana ware famfon waje, a bar shi da ruwan gari saboda shuke-shuke. Rubén bai ware ba. Ya haɗa injin a bakin babban bututu ya yi tafiyarsa. Ke nan duk safiyar da Evaristo ya ja tiyo yana dogara sanda, ruwa mai gishiri yake ɗura wa barkonon uwarsa da hannunsa.

Ya sami Ofelia a kicin tana juya tortiya, wainar masara, a kasko. Ta ga ƙurar kwali a rigarsa, ta rage wuta.

"Yaushe aka sa injin?" ya ce.

"Kana asibiti."

"Da na ce sabulu ya fara kumfa, me kika ce mini?"

"Na ce hukuma ta sauya rijiyoyi."

"Ni kuma na je shagon aski ina yi wa mutane wa'azi, wai mai haƙuri hukuma kan tuna da shi. Suna ta gyaɗa kai. Su ma sun sani?"

"Tsoho, zauna, gwiwarka."

"Ki bar gwiwata. Ita ba ta yi mini ƙarya ba."

Ta ajiye cokali ta miƙo masa hannayenta biyu. "Kalle su. Ka taɓa ganinsu haka, ba tsaga ba jini? Tun ina amarya nake kankare alli da lemun tsami a gidan nan. Kai ka taɓa wanke ko kofin da ka sha? Ubanka ya kai casa'in, gaskiya ne. Ka tambayi hannun uwarka."

Bai kalli hannayen ba. Abin da ke cin ransa daban ne.

"Yaushe kika gane injin ke kashe barkonon?"

Tortiyar ta fara hayaƙi, ba wanda ya cire ta.

"Bayan shuka ta biyu," ta ce a hankali. "Na kira Rubén, ya ce kuskurensa ne, zai zo Asabar ya raba bututun. Asabar ta zo ya ce wata Asabar."

"Ranar da na juye kwalbar kina ina?"

"A taga."

"Kina kallona."

"Ina kallonka. Na buɗe baki, sai na hango ka kana fasa injin da guduma, na mayar da bakina na rufe. Na ce ai Rubén zai zo kafin su tsiro."

"Kuma kina ji ina kiran Delbert mai guba, kika bar ni."

"Shi ya ce zai jure."

Wannan ta fi komai zafi. Matarsa, ɗansa, maƙwabcinsa, duk sun zauna sun yanke cewa shi mutum ne da ake lallaɓawa kamar mai taɓin hankali. Ya juya ya fita.

A gareji ya sake tsayawa gaban injin. Akwai ɗan jan mariƙi a samansa, wanda in an murɗa ruwan gari zai wuce kai tsaye, gida ya koma yadda yake. Ya ɗora tafinsa a kai. Daga kicin yana jin ruwa na zuba, tana wanke kaskon da ya ƙone. Sai ya cire hannu, ya ɗauki shebur da tsohon bokiti.

Durƙusawa ta ba shi wuya. Ya haƙa kewaye da gindin da ya rage, ya karkaɗe ƙasar da ta yi fari, ya sa shi a bokiti. Ofelia ta fito bakin ƙofa.

"Rubén ya ce yana hanya yanzu. Na kira shi."

"Ki ce ya sha zamansa."

Ya ja ƙafa zuwa shinge ya buga katakon da sanda har Delbert ya leƙo.

"Famfonka na waje ruwan gari ne?"

"Da allinsa da komai."

Evaristo ya miƙa bokitin ta saman shinge. "Ajiye shi inda rana ke bugawa da safe. Kada ka cika masa ruwa. In ya yi 'ya'ya, kada ka ci ko ɗaya, na iri ne."

Delbert ya karɓa da hannu biyu. "In ya farfaɗo sai in dawo maka da shi?"

Evaristo ya waiwaya. Ofelia na nan tsaye a bakin ƙofa, tana goge hannu da gefen rigarta.

"A'a," ya ce. "Riƙe shi a wajenka."