Gejin Zafi a Motar Baba Ernest

"Kai!" in ji Zakariyya'u. Ya ɗago kansa daga cikin bonet, riƙe da rabin noti. Ɗaya rabin ya karye a jikin injin.

"Me kuma ya faru?" Baba Ernest ya tambaya daga kujerar robar da yake zaune a ƙofar gida. Rana ta take, amma suwaita biyu ne a jikinsa.

"Tsatsa ce, Baba. Gobe in na samo abin ciro shi a Panteka, sai mu ci gaba."

Shekara goma sha ɗaya ke nan katanga ɗaya ce tsakaninsu a Trikania. Zakariyya'u bakanike ne, irin waɗanda gara su kwana uku a kan aiki da a ce an dawo musu da shi. Shi kuwa Baba Ernest tukunyar tururi ya kula da ita a masaƙar Kakuri har aka rufe ta, kuma ya fito da aƙida guda, cewa injin da ba ka ganin zafinsa ba abin yarda ba ne. Da 'yarsa ta saya masa wannan mota mai turbo, sai ya rantse ba zai hau Hawan Kibo da ita ba sai an saka mata gejin da ke nuna zafin hayaƙi. Burinsa bai wuce ya shiga ƙauyensu na bayan Pankshin yana riƙe da sitiyarin motarsa ba, shi da bai taɓa zuwa gida ba sai a motar haya. Ya sa ranar Asabar za su tafi.

Aikin ba wani babba ba ne. Huda manifol, wato bututun hayaƙin injin, ake yi kafin turbo, a yanka masa zaren noti, a ɗaura ɗan ƙarfen da ke jin zafin, a ja waya zuwa gaban direba. Masu gaggawa a jikin motar suke hudawa, su shafa giris a bakin diril don ya kama garin ƙarfen. Zakariyya'u ya tsani wannan. Ƙwaya ɗaya ta kuɓuce ta faɗa turbo, fuka-fukansa sun tafi. Shi sai ya kwance manifol ɗin, ya huda a kan benci, ya wanke.

"Malam Zakari," in ji tsohon, "abeg, mayar da notinka. Huda shi haka nan."

Zakariyya'u ya yi dariya. "Baba, kai ne da wannan magana? Kai da ka hana ni ɗaure famfon gidanka da roba?"

"Na ce ka huda. In ya lalace, motata ce."

"Motarka ce, amma hannuna ne. Wallahi ba zan yi maka aikin kan titi ba. Kwana biyu ne fa, ina Pankshin za ta je?"

Baba Ernest ya dube shi ya daɗe, sannan ya kira matarsa. Mama Lydia ta fito ta kama shi ta hammata, suka shiga ciki a hankali. Zakariyya'u ya ga yadda wandon ke lilo a ƙugunsa, ya ga idanun nan da suka koma ruwan ɗorawa. Ya gani sarai. Amma an ce masa asibiti sun sallame shi makon jiya, shi kuma a saninsa wanda aka sallama sauƙi ya samu. Mutumin da ke gane ciwon inji daga ƙararsa, ya kasa gane abin da maƙwabcinsa ke faɗa masa da baki.

Laraba ta tafi a ciro guntun notin. Alhamis ya huda manifol ɗin, ya yanka zare, ya wanke da fetur har sau uku, ya bi da maganaɗisu. Aiki ya fita tsaf, har ya ɗauka zuwa tagar tsohon don ya nuna masa.

"Yana barci," Mama Lydia ta ce ta bayan labule. "Tun safe bai ci komai ba."

Ranar Juma'a da hantsi yana kwance ƙarƙashin motar yana ɗaure notin ƙarshe, sai ya ji kukan mutuwa ya tashi daga gidan Baba Ernest. Bai fito ba. Ya tsaya a nan da sifana a ƙirji, yana kallon ƙafafun mata suna wucewa da gudu zuwa gidan. Nadama ta kama shi. Aikin awa ɗaya ne tsohon ya roƙa. Da ya huda ran Talata, da Laraba sun kama hanya, ko da shi zai tuƙa su.

Ya yi wanka, ya shiga ya yi gaisuwa, ya taya 'yan coci jera kujeru. Bayan ya dawo masallaci bai san inda zai sa kansa ba, sai ya koma motar. Ya ja wayar ta bangon injin, ya kafa gejin a gefen sitiyari, daidai inda Baba Ernest ya yi alama da biro.

Yana cikin haka aka buɗe ɗaya ƙofar. Mama Lydia ce, idanunta sun kumbura. Ta zauna, ta ja ƙofar.

"Gobe motar coci za ta kai shi gida," ta ce. "Kai za ka biyo mu da wannan. Ya ce ko yaya ne ta shiga garin."

"Mama, ni na tsare shi. Ya ce in yi sauri, na ƙi."

"Na ji ku ai." Ba ta ce ba komai ba, ba ta kuma ce da komai ba. Ta nuna gejin da haɓa. "Wannan ɗan abin ne?"

"Shi ne."

"Tayar in gani."

Ya murɗa makulli. Injin ya kama lafiya lau, ba ko gargada. Allurar ta motsa, ta hau a hankali, ta tsaya. Daga cikin gida mata suka ɗauki waƙa, sai ya ji kunyar ƙarar, ya kashe.

Ba wanda ya fita a cikinsu. Suna zaune, ƙarfen injin na 'yar ƙara yana hucewa, suna kallon allurar tana sauka kaɗan-kaɗan har ta kwanta.